Ka sabunta Python, matplotlib ta ƙi hawa: yadda ake bin sawun matsalar

Wata Laraba bayan la'asar, ɗan maƙwabcinmu da ke ajin ƙarshe a jami'a ya faɗo shagona a titin Gidan Zoo, laftof a hammata, ko sallamar kirki bai yi ba. Saura masa kwana huɗu ya miƙa babi na huɗu na furojek ɗinsa a kan farashin hatsi a kasuwar Dawanau, babin kuwa kusan duk giraf ne.

"Yaya, wallahi shekaranjiya komai lafiya lau. Na ga an ce akwai sabon Python, na sauke na ɗora, na goge tsohon don ya rage min wuri. Tun daga nan ko zane ɗaya ya ƙi fita."

Na ce ya buɗe in gani. Ga abin da ke ƙasan allon:

`ModuleNotFoundError: No module named 'matplotlib'`

Matplotlib ita ce laburaren da ake zana giraf da ita a Python, harshen rubuta shirin kwamfuta. Ya riga ya gwada sake girka ta daga fayil ɗin `requirements.txt`, jerin laburaren da aikin ke buƙata, da abokin karatunsa ya tura masa, sai jan rubutu ya cika allon, ya fi layi ɗari. Har ya yanke cewa birus ne, gobe da safe zai kai na'urar titin Beirut a sake mata Windows. Da ya yi haka, da ya yi asarar kuɗinsa da wuninsa, ya dawo ya tarar da jan rubutun yana jiransa inda ya bar shi. Matakan da muka bi ranar su zan jero a nan, tare da waɗansu da ba su same shi ba amma na sha ganin sun kama wasu.

Me ya faru tukuna?

Python ba ya zuba sabuwar siga a kan tsohuwa. Idan ka tashi daga 3.11 ka koma 3.12, sabon gida ka shiga, kuma fanko ne. A Windows, in ka bar shi ya zauna inda ya saba, za ka ga folda biyu a jere, `Python311` da `Python312`, a ƙarƙashin `AppData\Local\Programs\Python`. Kowace da ɗakin ajiyarta mai suna `site-packages`, kuma duk abin da ka girka a baya yana cikin tsohon ɗakin. Wanda ya taɓa tashi daga haya a Kurna ya koma Rijiyar Zaki ya san katifa ba ta bin mutum da ƙafarta.

Wani zai ce, to sai in kwashe kayan tsohon ɗakin in zuba a sabon mana. Kar ka soma. Matplotlib da NumPy, laburaren lissafin da take dogara da shi, ba zallar Python ba ne, suna da sassan da aka rubuta da C da C++ aka ɗinka su daidai jikin siga ɗaya. Leƙa cikin foldar matplotlib za ka ga fayil mai suna irin `ft2font.cp311-win_amd64.pyd`. Wannan `cp311` ɗin shi ne awon telan: na Python 3.11 ne, 3.12 ba zai ko kalle shi ba. Ƙaramar sabuntawa kuwa, kamar daga 3.12.1 zuwa 3.12.4, ba ta taɓa komai, gida ɗaya ne aka yi wa fenti.

Mataki na farko: da wane Python kake magana?

Nan mafi yawan rikicin yake, shi ya sa nake daɗewa a kansa. Mutum zai ce maka ya girka matplotlib sau uku, kowane lokaci an ce masa ta hau, amma shirinsa ya ce babu ita. Duk su biyun gaskiya suke faɗa. Ta hau wani Python ɗin ne, shirin kuma yana tafiya da wani.

Buɗe baƙin allon rubuta umarni, wato `cmd`, ka shigar da waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

```
py -0
where python
python --version
python -m pip --version
pip --version
```

Na farko zai jero maka duk Python ɗin da ke kan na'urar. Na biyu zai nuna inda kowanne yake, kuma na saman shi ne ke amsawa idan ka kira `python`. Biyun ƙarshe na `pip` ne, mai girka wa Python laburare, su za ka gwama. Kowanne yana ƙarewa da hanyar folda da lambar siga. Idan ɗaya ya ce 3.12 ɗayan ya ce 3.11, ka kama ɓarawonka. A Linux ko Mac, `which -a python3` ne ke yin aikin `where`.

Daga yau ka daina rubuta `pip install` tsirara. Ka riƙa cewa `python -m pip install`, ko kuma a Windows ka kira sigar da sunanta:

`py -3.12 -m pip install matplotlib`

Da haka kai ne ke zaɓar gidan da za a sauke kayan, ba na'ura ba.

Idan ka rubuta `python` sai ka ga kantin Microsoft Store ya buɗe maimakon amsa, ba Python ɗinka ne ya amsa ba, wani ɗan aike ne da Windows ya ajiye. Shiga saituna ka nemi `App execution aliases`, ka kashe guda biyun da ke ɗauke da sunan python. Idan kuma aka ce ba a san `python` ba sam, to lokacin girkawa ka tsallake akwatin nan na ƙasa mai cewa `Add python.exe to PATH`. Ba sai ka goge komai ba, `py` yana aiki ko babu shi.

Mataki na biyu: gina sabon keɓantaccen ɗaki

Yaron nan yana da folda mai suna `.venv`, wato keɓantaccen ɗakin kayan aiki ɗaya, a cikin furojek ɗinsa, ya ma manta da ita. Da muka kunna ta sai ta ce `No Python at`, ta biyo da hanyar tsohon `Python311` da ya goge. Dalili: `venv` ba cikakken Python ba ne, jingine yake a jikin wanda ya haife shi. Buɗe fayil ɗin `pyvenv.cfg` da ke ciki za ka ga layin `home` yana nuna tsohon gidan. An rushe katanga, abin da aka jingina ya faɗi.

Ba a gyaran irin wannan. Goge foldar `.venv` kawai, ban da fayilolin aikinka, ka gina sabuwa:

```
py -3.12 -m venv .venv
.venv\Scripts\activate
python -m pip install --upgrade pip
```

A Linux ko Mac, `python3.12 -m venv .venv`, sannan `source .venv/bin/activate`. In kana cikin PowerShell ya ce an hana gudanar da irin waɗannan fayiloli, mafi sauƙi ka koma `cmd`. In ka nace sai PowerShell, rubuta `Set-ExecutionPolicy -Scope CurrentUser RemoteSigned` sau ɗaya.

Layin sabunta `pip` ɗin nan kar ka tsallake shi. Tsohon `pip` na iya kasa gane sababbin ƙunshe-ƙunshe, ya kai ka doguwar hanyar da zan yi bayani yanzu.

Wanda bai riga ya goge tsohon Python ɗinsa ba, ya dakata. Kunna tsohon ɗakin ka rubuta `python -m pip freeze > tsohon_kaya.txt`, ka samu jerin duk abin da ke ciki. Siga biyu ko uku suna zama a na'ura ɗaya ba tare da faɗa ba.

Mataki na uku: dafaffe ko ɗanye

Duk wanda ya gane wannan ya gama da rabin jan rubutun duniya. A rumbun PyPI, inda `pip` ke ɗebo kaya, ƙunshi iri biyu ne. Akwai dafaffe, mai ƙarewa da `.whl`, wanda masu laburaren suka riga suka harhaɗa don wata siga da wata na'ura, misali `matplotlib-3.8.2-cp312-cp312-win_amd64.whl`. Sauke ka ci. Akwai kuma ɗanye, mai ƙarewa da `.tar.gz`. Wannan kamar ka aiki yaro ya sayo tuwo ne ya dawo maka da tiyar gero: sai ka nemo inji, ka nemo tukunya, ka hura wuta.

Halin `pip` shi ne in bai samu dafaffen da ya dace da kai ba, ba ya tambayarka, sai ya ɗauko ɗanyen ya fara girki a kan laftof ɗinka. Daga nan ne waɗannan suke fitowa:

```
Building wheel for matplotlib ... error
error: metadata-generation-failed
Microsoft Visual C++ 14.0 or greater is required
```

Mutane da yawa suna ganin layin ƙarshen sai su ruga sauke kayan ginin Microsoft, gigabayit da dama, datar wata guda ta tafi a dare ɗaya, kuma galibi bayan sun gama wani kuskuren ke jiransu a gaba. Ra'ayina, in ba kai ke rubuta laburaren ba, ba ka da abin yi da injin niƙan nan. Ka hana `pip` taɓa ɗanye:

`python -m pip install --only-binary=:all: matplotlib`

In ta hau, shi ke nan. In bai samu dafaffe ba, zai faɗa maka a layi biyu, `No matching distribution found`, maimakon layi ɗari. Sai ka tambayi kanka me ya sa babu. Dalilan ba su da yawa.

Wanda ya fi yawa shi ne an ɗaure lambar siga. Shi ne ya kama yaron nan. Fayil ɗin abokinsa yana ɗauke da `numpy==1.24.3` da `matplotlib==3.7.1`, dukansu na farkon 2023 ne, alhali Python 3.12 sai a Oktoban 2023 ya fito. Ina za a samu rigar da aka ɗinka wa yaron da ba a haifa ba? Shi ya sa `pip` ya koma ɗanye, girkin kuma ya ƙone da wannan:

`AttributeError: module 'pkgutil' has no attribute 'ImpImporter'`

Wasu kuma `No module named 'distutils'` suke gani. Tushen ɗaya ne. Python 3.12 ya cire `distutils` da wasu tsofaffin kayan aiki da tsofaffin ƙunshe-ƙunshe ke dogara da su wajen gini. NumPy 1.26 ce ta farko da ke tafiya da 3.12, ga 3.13 kuma sai daga NumPy 2.1. Matplotlib 3.8 zuwa sama tana zama lafiya da 3.12, matplotlib 3.10 kuma da Python 3.13. Maganin a nan shi ne ka buɗe `requirements.txt` ka cire `==` da lambar da ke binsa daga layukan da suka ƙi, ka bar `pip` ya zaɓa. In kuma malaminka ko wurin aikinka sun ce dole sai waɗancan lambobin, to Python ɗin ne zai koma baya: ka sake ɗora 3.11 ka gina ɗaki da `py -3.11 -m venv .venv`. Babu abin kunya a ciki.

Na biyu, ka riga kowa zuwa. Duk watan Oktoba sabon Python ke fitowa, 3.11 a 2022, 3.12 a 2023, 3.13 a 2024. Matplotlib kuma ba ita kaɗai take tafe ba, tana jan NumPy, Pillow, kiwisolver, contourpy, fonttools, cycler, pyparsing da wasu, kuma ko ɗaya ce ba ta shirya dafaffenta ba, ayarin ya tsaya. Manyan sukan shirya da wuri yanzu, amma ƙananan laburaren da aikinka ke buƙata sukan ɗauki watanni. Ni dai ina zama siga ɗaya a baya har sai ƙura ta lafa. Ɗalibin da ke dab da kare furojek kuwa, ko kyauta aka ba shi sabon Python ya ce ya gode, sai bayan ya fito. Sauri ya haifi nawa.

Na uku, ka sauke Python mai 32-bit ba ka sani ba. Duba da wannan:

`python -c "import struct; print(struct.calcsize('P')*8)"`

In ya ce 32, cire shi ka ɗora mai 64, domin sababbin sigogin matplotlib ba sa zuwa da dafaffe na Windows mai 32. Wanda kuma har yanzu yake kan Windows 7, irin tsofaffin injinan da ke wasu shagunan buga takardu, iyakarsa Python 3.8 da matplotlib 3.7.

Wata dabara ta karanta jan rubutu: kar ka tsaya a layin ƙarshe kawai, shi yakan ce "an kasa" ne ba tare da dalili ba. Hau sama ka nemo wurin da kalmar `error` ta fara bayyana, ka duba sunan ƙunshin da ake ginawa a lokacin. Sau da yawa ba matplotlib ba ce ma, NumPy ce ko Pillow.

Mataki na huɗu: idan laifin na sabis ne

Masu rubuta jagora a ƙasashen da intanet ba ta yankewa ba sa damuwa da wannan, mu kuwa dole. Matplotlib da duk 'yan rakiyarta ba su kai megabayit 50 ba, amma da yamma in layi ya cushe sai ka ga `ReadTimeoutError`. Daƙiƙa 15 kacal `pip` ke jira kafin ya haƙura. Ƙara masa haƙuri:

`python -m pip install --timeout 120 --retries 10 --only-binary=:all: matplotlib`

In sabis ya yanke ana tsakiyar saukewa, wani lokaci za ka ga gargaɗi da manyan baƙaƙe cewa ƙunshin bai yi daidai da hatiminsa ba, `DO NOT MATCH THE HASHES`. Kar gabanka ya faɗi, guntun fayil ne ya iso. Rubuta `python -m pip cache purge` ka sake.

Akwai wanda ya fi waɗannan wayo. Wani malamin makaranta ya taɓa kawo min laftof ɗinsa ta hannu, duk abin da ya nemi girkawa sai ta ce `CERTIFICATE_VERIFY_FAILED`. Mun fi rabin awa muna canza layi, daga wayata zuwa tasa. Can idona ya kai kusurwar allo, sai na ga agogon yana nuna shekarar da ta wuce da daɗewa. Ƙaramin batirin da ke riƙe agogo a cikin injin ya mutu, babban batirin ma ba ya riƙe caji, don haka duk sanda aka ɗauke wuta kwanan wata sai ya koma baya. Na'urar tana ganin takardar shaidar PyPI a matsayin wadda lokacinta bai zo ba. Muka gyara agogo, minti biyu komai ya hau. Za ka ga masu ba da shawarar a sa `--trusted-host` a wuce wurin. Wannan cire makullin ƙofa ne don ya yi tsatsa. Duba agogonka tukuna.

Ga masu koyar da aji, ko abokai biyar da ke aiki ɗaya, babu dalilin da kowa zai ƙona datarsa. Mutum ɗaya ya sauke inda sabis ke da ƙarfi:

`python -m pip download --only-binary=:all: matplotlib -d kaya`

A kwafi foldar `kaya` a filashi, sauran su girka ba tare da intanet ba:

`python -m pip install --no-index --find-links=kaya matplotlib`

Sharaɗin dai sigar Python ɗinku ta zama ɗaya, na'urorin ma iri ɗaya. Abin da aka sauke wa Windows ba zai hau Ubuntu ba.

Mataki na biyar: ta hau, amma ta ƙi tashi

An ce maka `Successfully installed`, ka rubuta `import matplotlib.pyplot as plt`, sai wani sabon kuka.

In ka ga dogon saƙo mai farawa da `A module that was compiled using NumPy 1.x cannot be run in NumPy 2`, to tsohuwa da sabuwa ne suka haɗu a ɗaki ɗaya. NumPy 2.0 ta fito a Yunin 2024 da canje-canjen da suka sa duk laburaren da aka harhaɗa da ta baya sai an sake harhaɗa shi. Ɗaga matplotlib zuwa 3.9 ko sama da `python -m pip install --upgrade matplotlib`, haka ma pandas da scipy in kana amfani da su. In akwai wani tsohon laburaren da ya ƙi motsi, ja NumPy baya da `python -m pip install "numpy<2"`, amma ka sani wannan hanyar a buɗe take har zuwa Python 3.12 ne kawai. Bayan haka `python -m pip check` zai gaya maka ko akwai sauran masu hararar juna.

In kuma `ImportError: DLL load failed while importing _cext` ne, ko `ft2font` a madadin `_cext`, abin da ya ɓace shi ne `Microsoft Visual C++ Redistributable`. Kar ka haɗa shi da katon kayan ginin da na hana ka saukewa. Wannan ƙaramin fayil ne, `vc_redist.x64.exe`, daga shafin Microsoft. Injinan da aka sake wa Windows kwanan nan su suka fi rasa shi.

Na ukun abin dariya ne, amma ya sa manya zufa. Ka sa wa fayil ɗin gwajinka suna `matplotlib.py`. Python yana fara duba foldar da kake ciki, sai ya ɗauko naka a zaton shi ne laburaren, ya ce maka `'matplotlib' is not a package`. Canza masa suna, ka goge foldar `__pycache__` da ke gefensa.

Jupyter da VS Code

Waɗannan manhajojin rubuta shiri su ma kowanne da Python ɗin da yake riƙe da shi a zuciya, kuma ba ya sakinsa don ka sabunta. A cikin Jupyter rubuta:

```
import sys
print(sys.executable)
```

In hanyar da ta fito ba ta bi ta cikin sabon `.venv` ɗinka ba, koma baƙin allo, ka kunna ɗakin, ka yi masa rajista:

```
python -m pip install ipykernel
python -m ipykernel install --user --name furojek
```

Sai ka zaɓi `furojek` daga jerin da ke saman shafin. In za ka girka wani abu daga cikin Jupyter, yi amfani da `%pip install`, mai alamar kaso, shi ne ke sauke kaya a gidan da kake ciki. Mai alamar motsin rai, `!pip`, yakan kai su maƙwabta. A VS Code danna Ctrl da Shift da P, ka nemi `Python: Select Interpreter`, ka nuna masa sabon ɗakin.

Masu Anaconda, hanyarku daban: `conda create -n zane python=3.12 matplotlib`, ku bar babban ɗakin `base` yadda yake.

Babu kuskure, babu zane

Shirin ya gudu har ƙarshe, taga ba ta buɗe ba, sai ɗan gargaɗi: `FigureCanvasAgg is non-interactive, and thus cannot be shown`. Matplotlib ta zana abinta, ta rasa tagar da za ta nuna maka. Gwada `python -m tkinter`. In ƙaramar taga ta fito, lafiya. In ba ta fito ba, a Windows sake buɗe fayil ɗin girka Python ka zaɓi `Modify`, ka sa alama a `tcl/tk and IDLE`. A Ubuntu, `sudo apt install python3-tk`. In kana sauri, `plt.savefig("zane.png", dpi=300)` zai ajiye maka hoton ko babu taga, kuma dama shi za ka saka a cikin babin.

Tunda an ambaci Ubuntu: wanda ya tashi daga 22.04 ya koma 24.04 ya tashi daga Python 3.10 zuwa 3.12 ko bai nema ba, kuma `pip` zai tare shi da `error: externally-managed-environment`. Tsarin yana kare Python ɗinsa ne, don da shi yake gudanar da wasu ayyukansa. Saƙon zai nuna maka `--break-system-packages`, sunan kaɗai ya isa gargaɗi. Yi `sudo apt install python3-venv`, ka gina ɗaki, ka yi aikinka a ciki. Kuma ko da wasa kar ka cire `python3` ɗin da Ubuntu ya zo da shi.

Gwajin ƙarshe

Kafin ka buɗe babban aikinka, gwada da ƙaramin abu, don ka raba matsalar girkawa da matsalar shirinka. Lambobin nan na gwaji ne kawai:

```
import matplotlib
import matplotlib.pyplot as plt
print(matplotlib.__version__)
plt.bar(["Ƙwai", "Ɗanwake", "Ɓawo"], [3, 5, 2])
plt.title("Gwajin baƙaƙe masu ƙugiya")
plt.savefig("gwaji.png")
plt.show()
```

Da gangan na zaɓi kalmomin. Rubutun da matplotlib ke zuwa da shi, DejaVu Sans, yana da ƙ da ɗ da ɓ da manyansu. In ka ga akwatuna a gurbinsu, to wani salon rubutu ka zaɓa a shirinka wanda ba shi da su. A karon farko za ta iya cewa `Matplotlib is building the font cache`, ta yi jim. Ba ta maƙale ba, ƙyale ta.

Gwajin ya fita tsaf a laftof ɗin yaron. Muka buɗe shirinsa na gaske, sai ga wani jan layi, ya dafe kai.

"Yaya, ya dawo!"

"Karanta min shi tukuna."

Ya karanta: `'seaborn' is not a valid package style`. Wannan ba na girkawa ba ne. Layi na uku na shirinsa yana cewa `plt.style.use("seaborn")`, sunan da aka fara gargaɗi a kansa tun matplotlib 3.6 aka kuma cire shi a 3.8. Sabon sunan `seaborn-v0_8` ne, kuma `print(plt.style.available)` yana jero duk waɗanda ke akwai. Ya gyara kalma ɗayar, ya sake dannawa, layukan gero da dawa da masara suka fito ɗaya bayan ɗaya.

Kafin ya rufe na sa shi ya rubuta `python -m pip freeze > requirements.txt`, ya ƙara layi a saman fayil ɗin mai farawa da `#` ya rubuta "Python 3.12", ya kuma kwafi foldar `kaya` a filashinsa don abokin da ya tura masa tsohon jerin. Ana kiran magariba ya fita, ya bar cajarsa a jikin soket ɗina, sai da safe ƙanwarsa ta zo ta karɓa.